Ajin Yamma, Islamiyya, Shagon Sana'a ko Jarrabawar 'Yan Waje: Ina Babba Zai Nufa?

A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardun Naira suka yi wuyar gani, kawuna ya sayar da albasa a Aliero. Mai sayen ya ce babu tsaba, sai dai ya tura ta banki. Waya ta yi ƙara a aljihun Kawu, ya ciro ya ƙura mata ido, can ya miƙa wa wani yaro da ke tsaye gefen mota ya ce ya duba masa ko kuɗin sun cika. Wannan mutum ya sauke Alƙur'ani tun bai yi aure ba. Yana karanta ajamin da ke jikin takardar Naira 1,000 ba gargada, yana haɗa kuɗin buhu 80 da na dako da na mota a ka kafin mai kalkuleta ya gama latse-latse. Amma ranar sai da ɗan wani ya san abin da ke cikin asusunsa. Bayan isha'i ya same ni gida ya ce, "Ɗana, kai da ka taɓa karantar da manya, wane aji za ka kai ni? Ni dai in gane abin da wagga waya ka hwaɗi."

Ba a yi wata biyu ba 'yar baffana ta zo da tata buƙatar. Tana aji 4 na sakandare aka yi mata aure, yanzu 'ya'yanta huɗu. A garin mijinta asibitin shan magani ɗaya ne, babu mace ko ɗaya cikin ma'aikatan, matan garin kuma sun gwammace su haihu a ɗaka da su je namiji ya duba su. Ta ce, "Yaya, so nake in koma makaranta in zama malamar asibiti."

Su biyun duk makaranta suka ambata. Da na kai su wuri ɗaya da na cuci ɗayansu. Na yi shekara uku ina koyar da ajin manya da yamma a wata firamare a Birnin Kebbi, kuma mafi yawan waɗanda na ga sun bar karatu ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza musu ba. An zaunar da su ne a ajin da ba ya amsa tambayar da ta fito da su daga gida, ko ajin da lokacinsa ke karo da lokacin neman abincinsu.

Bari in fara da wanda na fi sani, ajin yaƙi da jahilci. Sunan ya daɗe. Tun shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe irin waɗannan azuzuwa a birane da ƙauyuka, aka kuma kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridun Hausa don sababbin masu karatu su sami abin karantawa. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, a 1990 Gwamnatin Tarayya ta kafa tata ta ƙasa, NMEC, yau kuma kowace jiha tana da tata. Ni kam sunan ba ya yi mini daɗi. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake riƙe da gida da gona da fatauci, ka ce masa ya zo a yaƙi jahilcinsa, ka riga ka kore shi tun daga bakin ƙofa. Mu ajin manya muke cewa, haka ma zan ci gaba da kiransa.

Tsarin hawa-hawa ne. Matakin farko, wanda galibi ba ya kai shekara, karatu da rubutu ne da Hausa da ɗan lissafi, daidai da ƙananan azuzuwan firamare. Na biyu ya fi tsawo, a nan Turanci ke shigowa sosai, ana ɗaukarsa daidai da kammala firamare. Daga nan wanda ke da niyya ya wuce karatun ƙaramar sakandare. Zama biyu ko uku ne a mako, awa biyu ko abin da ya yi kusa, kuma ba a biyan kuɗin makaranta, sai littafin rubutu da fensir.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne saurin da babba ke yi idan aka fara masa da harshensa. Rubutun Hausa na boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa: wasula biyar, baƙaƙe, a haɗa b da a a sami ba. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya bi wannan hanya, domin ya yi babbaƙu ya yi farfaru, ya san baƙi shi kaɗai ba ya magana sai an ɗora masa wasali. Ranar da na fara ce wa ɗalibaina "wannan fatahar boko ce, wannan kisira, wannan rufu'a", ajin ya ɗauki hayaniya, dattawa suna dariyar murna, don sun gane ashe ba daga ƙasa suka faro ba. Abin da ya rage musu shi ne juya hannu su riƙa rubutu daga hagu zuwa dama da sabawa da siffar haruffa. Irin waɗannan cikin wata uku suke karanta allon shago da sunan gari a jikin mota. Wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ko kaɗan yana buƙatar ninkin wannan, kuma makonnin farko hannu ne ke ba shi wahala, yatsun da suka saba da fartanya ba sa son riƙe fensir.

Canjin da ake gani a rayuwar mai wannan karatu ƙanana ne a idon ɗan boko, manya ne ga mai su. Wata dattijuwa a ajina ta daina dangwala yatsa a takarda, ta koma rubuta sunanta, ta ce ranar farko da ta yi haka a banki sai da ta ƙi wanke biron da ya taɓa mata hannu. Uwa tana duba kwalbar magani ta ga sau nawa za a ba yaro. Manomi yana bambanta buhun yuriya da na NPK ba sai mai shago ya faɗa masa ba, yana kuma duba ranar lalacewar maganin feshi. Uwar adashi tana rubuta wanda ya zuba da wanda bai zuba ba, rigimar ƙarshen wata ta ragu. Mai waya yana ajiye lambobi da suna, ya huta da haddace lamba uku na ƙarshe.

Raunin ajin manya kuma ba ɓoyayye ba ne. Na farko kalanda. A Kebbi shekara ba ta da hutu ga manomi: damina daga Yuni zuwa Satumba, girbi ya biyo, kafin a huta an shiga noman rani a fadamun Argungu da Augie da Suru da Bunza, masu albasa kuma suna can suna ban-ruwa. Ajina yakan cika maƙil bayan girbi, ruwan farko na sauka sai in ƙirga mutum bai kai goma ba. Wanda ya yi wata huɗu bai buɗe littafi ba, in ya dawo rabin abin ya zube. Na biyu malami. Alawus ɗin masu koyar da manya ɗan kaɗan ne, kuma yakan makara. Namu ajin wata ƙungiya ce ke ɗaukar nauyinsa, ranar da tallafinta ya ƙare muka ja wata biyar a kan sa-kai, daga nan abokin aikina ya koma sana'arsa, ajin mata ya mutu. Na uku kunya. Magidanci mai gemu ba ya son ya zauna kan bencin da ɗansa ya zauna da safe, yara suna leƙe ta taga. Kowa na faɗin gemu ba ya hana ilimi, amma mai gemun ne ya san nauyin taka ƙofar ajin. Inda aka mayar da aji zauren wani mai mutunci ko harabar masallaci bayan isha'i, maza sun fi zama.

Sai matsalar da ta fi damuna, wato mantuwa bayan an gama. Mutanen NORLA sun gane wannan tun shekaru 70 da suka wuce, shi ya sa suka haɗa aji da jarida. Yau wanda ya gama matakin farko ba ya samun ko takarda guda ta Hausa mai sauƙi a garinsu. Waya ce ya kamata ta cike gurbin, sai dai saƙon murya na WhatsApp ya sa mutum na iya shekara yana hira da duniya bai karanta kalma ɗaya ba. Takardar shaidar matakin farko kuwa ba ta ba da aiki. A san wannan tun kafin a shiga, kada a yi baƙin ciki daga baya.

Islamiyyar manya, musamman ta matan aure, ita ce ta fi kowace riƙe ɗalibai a ƙasar nan, kuma ban ga na biyunta ba. Tushenta mai zurfi ne. Wajejen 1840 Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda Malam Abdullahin Gwandu baffanta ne, ta tsara 'Yan Taru: ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji, ta ba kowace malfa, suna kai karatu ga matan ƙauyuka cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Don haka macen da ta yafa hijabi ta nufi karatu da hantsi ba baƙon abu ta yi ba, miji bai cika hanawa ba, suruka ba ta zargi. Makarantar tana cikin unguwa, kuɗin wata kaɗan ne, ƙawaye suna biyo wa juna, wadda ta yi fashin kwana uku za a je gida a ji ko lafiya. Walimar sauka kuma buri ne da ake gani da ido. Ƙungiyoyi irin FOMWAN ta mata Musulmi, wadda aka kafa a 1985, sun daɗe suna haɗa karatun addini da na boko da kiwon lafiya ga mata.

Wanda burinsa gyara sallarsa da karatun Alƙur'aninsa, nan ne wurinsa, babu ja. Wanda kuma yake son ya haɗa da karanta saƙon waya da takardar asibiti, sai ya tambaya kafin ya biya kuɗin fom: ana koyar da rubutun boko da lissafi a nan, ko hadda ce zalla? Ana ba ɗalibai biro su rubuta, ko malam ne ke biyawa ana amsawa? Na san mata da suka yi shekara shida a Islamiyya, tilawarsu abin sha'awa, amma ba sa iya rubuta sunan 'ya'yansu da kowane irin rubutu, domin ba a taɓa sa su rubutawa ba. Shahadar Islamiyyar unguwa ma ba ta shigar da mutum kwaleji. Mai ƙarfi a Larabci da ke son takardar da gwamnati ta sani, hanyarsa jarrabawar hukumar NBAIS ce, wadda asalinta ke komawa 1960 zamanin Sardauna. Ana haɗa darussan Larabci da addini da Turanci da lissafi, kuma ana shiga manyan makarantu da sakamakonta. Alarammomi da yawa ba su san da wannan ƙofa ba.

Koyon sana'a shi ne ya fi saurin kawo kuɗi a hannu, kuma ga magidancin da ba shi da abin cefanen gobe ba na jin nauyin cewa ya fara da nan. Iri biyu ne. Akwai zama a shagon maigida shekara biyu ko uku, akwai kwas na 'yan watanni a cibiyoyin mata ko ƙarƙashin hukumar samar da aikin yi, NDE, wadda ke wannan aiki tun ƙarshen shekarun 1980. Na shago ya fi ƙwari, domin kana ganin yadda ake ciniki da yadda ake haƙuri da mai kaya, kana kuma gadon abokan hulɗa. Gajeren kwas yana da amfani idan sana'ar tana da kasuwa a inda kake. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 manoman rani suka fara komawa injin ban-ruwa mai aiki da sola ko gas, mai iya haɗa su da gyara su ba ya zaman banza a Kebbi. Haka mai turara shinkafa ta fito fes ba tsakuwa, da mai bandar kifi a Yauri. Amma a tara mata 50 na unguwa ɗaya a koya musu haɗa sabulun ruwa, wa zai saya wa wa? Ga kuma jari: an gama koyo, babu keke, babu shago. Sannan sana'ar kanta tana komawa ga biro. Telan da ba ya rubuta awo yana ɓata yadin mutane ranar jajibirin salla, mai walda da ba ya karanta tef yana yanka ƙarfe ba daidai ba. Mai son takarda a kan sana'arsa akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku, akwai kuma jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i da kasuwanci da aka kafa a 1992.

Karatu ta rediyo, wanda aka ɗauko salonsa daga Kyuba aka gwada a jihohi da dama, yana taimaka wa wanda ke da littafin darasin a hannu da mai duba masa rubutu lokaci-lokaci. Shi kaɗai ban ga wanda ya koya wa rubutu ba. Bidiyon waya ma haka.

Yanzu sai hanyar 'yar baffana, wadda ta fi tsada da tsawo, ita kaɗai ce kuma ke kai mutum ga albashi. Wanda ya taɓa kai babbar sakandare ba ya buƙatar sake saka yunifom. WAEC tana yi wa 'yan waje jarrabawa sau biyu a shekara, NECO tana yin tata a ƙarshen shekara, NABTEB ma haka. Abin nema kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, wanda rahama ce ga mai goyo. Mai son aikin jinya sai kiredit ɗinta sun haɗa da bayoloji da kemistiri da fizik, daga nan ta nemi kwalejin jinya ta Birnin Kebbi ko ta kimiyyar lafiya da ke Jega. Mai son koyarwa yana da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ko karatun ƙarshen mako na Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, don samun NCE. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ba zai iya barin gari ba yana da jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda ta dawo aiki a 2002. Amma kada a ruɗe da sunan: karatu ne na mai iya zama shi kaɗai da littafin Turanci da kwamfuta, ba mai tsaya maka a kai.

Kuɗin rajista kaɗai ya haura Naira 20,000, ban da kuɗin darasi da littattafai da mota, kuma sai da lambar NIN. Tun 2024 WAEC ta fara yi wa 'yan waje jarrabawa a kwamfuta, saboda haka wadda ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ta ware lokacin koyonsa. Babban kuskuren da nake gani shi ne gaggawa. Mace ta shekara 12 rabonta da aji, ta sayar da akuya ta yi rajista saura wata biyu, ta faɗi, ta ce ai ita ba ta da kai. Shekara guda cur ta darasi take buƙata, rabinta a kan Turanci, domin duk sauran darussan da shi ake tambayarsu. Kuskure na biyu ya fi muni: cibiyoyin da ke karɓar kuɗi su ce za a "taimaka" a ɗakin jarrabawa. Ko sakamakon ya fito ba a riƙe shi ba, wadda ta shiga kwalejin lafiya da kemistirin da ba nata ba, shekarar farko za ta tona ta. In ma ta tsallake, allura za ta riƙa yi wa 'ya'yan mutane.

Akwai abin da ke shiga duk wannan lissafi wanda ba ya cikin tsarin kowace hukuma, shi ne tsaro. Tun sace ɗaliban Birnin Yauri a Yunin 2021, da abin da ƙasar Zuru da maƙwabtanmu na Zamfara ke gani, ajin dare a ƙauye ya zama abin tsoro, kuma ba na ganin laifin wanda ya ƙi fita. Aji mai rauni da ake zuwa da ƙafa da hantsi ya fi aji mai kyau da sai an hau babur an ratsa daji. Haka nan mace ta daidaita da maigidanta da wadda za ta riƙe mata yara kafin ta yi rajista, kada sai karatu ya yi nisa magana ta taso.

Kawu ban kai shi ajin Turanci ba, ko da yake saƙon banki da Turanci yake zuwa. Abin da yake buƙata lambobi ne, da ƙirga sifiri don ya raba 45,000 da 450,000, da kalmomi uku ko huɗu da banki ke maimaitawa, da sanin cewa ba a yarda da saƙon shigar kuɗi sai an duba abin da ya rage a asusu. Wannan mun gama shi a zaure cikin mako uku. Daga nan, da albasa ta bar gona, ya shiga wani ajin manya da ake yi bayan isha'i kusa da masallacin unguwarsu, tare da wasu abokan fataucinsa biyu. Ni na nace su tafi tare, don na san in ɗaya ya yi sanyi biyun za su ja shi. Na kuma hana 'ya'yansa tura masa saƙon murya, na ce su rubuta masa da Hausa, gajere, kowace rana.

'Yar baffana kuwa na hana ta rajista a shekarar farko, ta ji haushina ƙwarai. Ta yi wata 11 tana darasin Asabar da Lahadi wurin wata malamar sakandare, kishiyarta na riƙe mata ƙaramin. Ta zauna jarrabawa ta sami kiredit huɗu, kemistiri ya ƙi. Ta yi kukanta kwana biyu, ta sake sayen fom.

Da na je gaishe da Kawu da sallar layya ya ɗauko mini littafin bashinsa. Shafukan farko duk ajami ne, daga tsakiya sunayen mutane suka koma boko, manyan haruffa a karkace, kuɗin kuma da lambobi da waƙafi a inda ya dace. Ya nuna mini sunan wani dillali a Jega ya ce, "Wanga ni na rubuta shi, duba mini ko ƙ ɗin ta yi ƙugiya daidai."